Ƙafa ce ko na'ura? Maganar satar hana santsi a tseren motocin sifirint

Tambayarka ita ce: "Oga, motocin nan masu fiffike da ke tsere a kan ƙasa a Amurka, na ji ana cewa wasu direbobi suna ɓoye na'urar hana santsi a ciki. Wai ko a salansa za ka ji motar tana tari. Gaskiya ne? Ai ruwa ba ya tsami banza."

To ɗana, na'urar akwai ta, kuma dokar tseren ta haramta ta. Nan ka yi daidai. Inda zan tare ka shi ne wajen kunne. Kunne ba ya kama wannan sata, amma ba za ka gane dalili ba sai ka san motar tukuna.

Motar sifirint, wato mai fiffiken da kake tambaya a kai, ba irin wadda ake turo mana gareji ba ce. Inji ne mai silinda 8, lita 6.7, wanda su suke kira 410 da awonsu na inci. Ƙarfinsa ya kai doki 900, an ɗora shi a kan firam na bututun ƙarfe, kuma motar duka har da direba a ciki kusan kilo 650 ce. Ba giyabos, ba kuloci, ba sitata. Wata mota ce ke turo ta daga baya har ta kama. Farfela ce ta haɗa inji da aksil na baya kai tsaye, liba ɗaya tak, ko a ciki ko a waje. Aksil ɗin kuma sanda guda ce, tayoyin baya tare suke juyawa, shi ya sa ake sa ta dama ta fi ta hagu girma don motar ta riƙa karkata hagu da kanta. Mitanol take sha maimakon fetur, famfon da inji ke juyawa ne ke tura shi, babu birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji. Wuta kuwa daga magneto take fitowa, wato na'urar da inji ke juyawa tana samar da wutar fulogi da kanta.

Riƙe abu biyu daga nan: babu komai tsakanin inji da taya, kuma wuta ta magneto ce.

Sai filin. Yumɓu ne, ana jiƙa shi kafin a fara. Da farkon dare yana da danshi, taya na kamawa, mai babban inji shi ke gaba. Kafin a zo babban tsere motoci sun tattake shi, iska ta busar, sai ya yi baƙi yana sheƙi kamar daɓen siminti da aka goge. A nan doki 900 ke zama jidali. Kana fitowa daga kwana ka taka totur da ƙarfi, tayoyin baya su hau juyi a banza, inji na ihu, ƙura na tashi, wanda ya taka rabin naka ya wuce ka. Taya tana son ɗan sulɓi kaɗan, a nan ne take ja sosai. Da ya wuce haka, ka yi asara. Saboda haka a busasshen fili ba wanda ya fi ƙarfi ke ci ba, wanda ya fi iya rage ƙarfi daidai gwargwado ne.

Aikin da na'urar ke yi kenan. Ba ta ƙara wa inji ko doki ɗaya. Ragewa take yi.

A motocin zamani da kake gani a nan, akwai sansa a kowace taya, birenbos na gwada gudun ta gaba da ta baya, in ta ga bambanci ta rage wuta ko ta ɗan taɓa birki, fitila ta yi ƙyafta a dashbod. Mai son sata a motar sifirint ba ya bukatar wannan duka, kuma sansa a taya ai tona wa kai asiri ne. Tunda ba kuloci, juyin inji da juyin taya tare suke tafiya. Mota mai wannan nauyi akwai iyakar saurin da gudunta zai iya ƙaruwa. In juyin inji ya yi tsalle sama da wannan iyaka, ba sai an faɗa maka ba, taya ta saki ƙasa. To na'urar ƙirga take yi kawai. Tana sauraron siginar da ke fitowa daga magneto, irin wadda CDI ɗin babur ke karɓa daga ƙaramin kwayil ɗin da ke gefen filawil, tana auna tazarar da ke tsakanin bugu da bugu. Da ta ga tazarar na raguwa da saurin da ya wuce kima, sai ta jinkirta wutar fulogi da 'yan digiri. Taya ta kama, ta mayar da taimin inda yake.

Ka san abin da jinkirta taimin ke yi, don ka gani da idonka a tsohuwar Fijo 504. In muka sassauta ƙusar distiributa muka murɗa ta baya, inji sai ya yi sanyi, ka taka ya ƙi amsawa, in aka daɗe a haka manifol ya yi zafi har ya soma ja, domin mai yana ƙarasa ƙonewa ne a hanyar fita. Abin da muke yi da hannu kenan, ita kuma tana yi tana warwarewa cikin ƙiftawar ido. Yi lissafi ka gani. Inji na juyi 8,000 a minti, mai silinda 8 kuma sau 4 yake ba da wuta a kowane juyi. Wuta 32,000 kenan a minti, sama da 530 a daƙiƙa. Ɗan Adam kafin ya ji abu ya ɗaga ƙafa, kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ya wuce, inji ya yi juyi wajen 27. Na'ura ba ta jiran juyi 27.

Kamfanoni irin su Davis Technologies a fili suke sayar da ita, don akwai rukunan tseren miƙaƙƙiyar hanya da suka halatta. Ɗan allo ne ƙarami. Zai shige cikin akwatin wuta, zai zauna a bayan mitar juyin inji, za a iya naɗe shi a cikin wayarin a rufe da tef. Har raɗe-raɗi ake yi cewa akwai wadda direba ke sakawa a aljihun rigarsa ya fita da ita bayan tsere.

Yanzu mu zo kan tarin da aka ce ana ji. Injin mitanol ba ya rabuwa da tari. Mai yake sha da yawa, kusan ninkin fetur, kuma da direba ya ɗaga ƙafa a bakin kwana ragowar man da bai ƙone ba sai ya fashe a salansa, har harshen wuta ya fito. Fulogi ɗaya ya jiƙe, tari. Sifirin ɗin bawul ya gaji, tari. Nozul ya toshe, tari. Na'urar da ke yanke silinda gaba ɗaya ita ce mai tari a fili, kuma aikin marar wayo ce. Mai kyau digiri kaɗan take ja, a tsakiyar ƙarar motoci sama da 20 da babu mai toshe wa baki. Don haka motar da ka ji tana tari, galibi ko dai ba ta da laifi, ko kuma ba ta da lafiya.

In kana ganin akwai kunnen da ya isa, saurari wannan. A watan Afrilun 1994, a tseren Fomula 1 da aka yi a Aida ta Japan, an buge Ayrton Senna a kwanar farko. Maimakon ya koma gareji sai ya tsaya a gefen hanya yana sauraron motoci, ya kuma tafi da zargin cewa Benetton ɗin Michael Schumacher tana da na'urar da aka haramta a shekarar. Kunnen zakaran duniya sau 3 kenan, amma bai zama hujja ba. Da hukumar FIA mai kula da tseren ta karɓi manhajar motar aka bincika, an sami wani ɓoyayyen zaɓi mai lamba 13, na taimaka wa mota tashi daga layin farawa. Aka ce an same shi, amma babu shaidar an yi amfani da shi. Tarar dala 100,000 da aka ci su ta jinkirin miƙa manhajar ce. Har yau ana musu a kai.

Abin da masu zargi ba sa so su duba shi ne yawan hanyoyin halal da bakanike ke da su na sa mota ta yi lumui a busasshen fili. A bayan aksil akwai murfi, ka kwance shi ka sauya giya biyu cikin 'yan mintoci, inji ya daina fizgar taya. Ka rage bambancin girman tayoyin baya. Ka rage iska. Tayar baya ta hagu ba ta kaiwa ko fam 10, alhali mu nan 32 muke sa wa ƙaramar mota. Ka yanka sababbin layuka a jikin taya da wuƙa mai zafi. Ka sauya sandunan murɗa da ke ɗauke da motar a madadin sifirin. Ka gyara sandar totur yadda ƙafa za ta yi tafiya mai nisa kafin inji ya buɗe baki. Fiffiken sama kuma, ƙafa 5 tsawo ƙafa 5 faɗi, direba na da liba a gefensa da yake tura shi baya ana cikin tsere, ya danne tayoyin baya. Gwanaye ma sukan ɗora ƙafar hagu a birki suna taka totur da dama, su riƙe taya kada ta kufce. Daga kan benci duk wannan zai yi maka kama da aikin na'ura.

Ga kuma wurin da nake so ka tsaya ka yi tunani. In bakanike ya dubi fili ya ga ya bushe, ya ja taimin baya da hannunsa kafin a tura mota, halal ne. In wani abu ya ja taimin ɗin da kansa ana cikin gudu saboda ya ji taya ta saki, haram ne. Digirin ɗaya ne, injin ɗaya ne. Bambancin kawai wanda ya yanke shawara. Bakanike caca ya yi: in fili ya sake kamawa, motarsa ta zama raguwa har a tashi. Na'ura ba ta caca, kowace kwana tana ba ka abin da ya dace. Abin da ake saye a tikiti kuwa shi ne a ga wane ne ya iya karanta ƙasa, wane ne ke da ƙafa. Shi ya sa ni ban ɗauki abin ƙaramar dabara ba. Sata ce.

Masu ƙafar kuma suna nan. Ted Johnson ya kafa gasar motocin sifirint ta World of Outlaws a 1978, Steve Kinser ya ci kambunta sau 20. A 1987 kaɗai ya ci manyan tsere 46, lokacin da ba a san irin waɗannan ƙananan na'urori a filin ƙasa ba. Donny Schatz ya ci kambun sau 10. Kyle Larson a 2020 ya ci tsere sama da 40 a kan ƙasa, a motoci iri daban-daban. Irin waɗannan ba jira suke taya ta saki su ɗaga ƙafa ba, tun kafin ta saki sun san za ta saki. A ganina ma na'urar ta fi amfanar direba matsakaici, mai ƙafa nauyi. Kuma in an ɗaure mota ba daidai ba, ba abin da za ta yi sai ta yi ta shaƙe inji har a tashi.

Ruwan naka dai akwai abin da ya tsamar da shi, ban musa ba. Kuɗi ne. A 2023 filin Eldora na jihar Ohio ya biya Logan Schuchart dala miliyan 1 da 'yan kai a tsere guda. Tseren Knoxville Nationals da ake yi a jihar Iowa tun 1961, cin sa kaɗai ya isa ya sauya rayuwar direba. Sai ɗimbin ƙananan filaye na daren Asabar, inda mai duba motoci ba shi da kayan aiki sai sikeli da tef ɗin awo. Inda kuɗi ke da yawa, bincike ke da rauni, dole a yi zargi. Ka kuma lura, mai sayar da na'urar ba ya baƙin ciki da wannan surutu. Duk wanda aka kayar ya koma gida yana cewa kowa na da ita, gobe shi ne mai saye. Amma zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma a sana'ar da direba ke rayuwa da kuɗin masu talla, ka ce masa ɓarawo babu hujja, abincinsa ka taɓa.

Yadda ake kamawa aikinmu ne na kanikawa. Fitilar taimin a kan mota tana tsaye ba za ta nuna maka komai ba, don na'urar barci take yi har sai juyi ya yi tsalle. Sai an cire magneto da akwatin wuta da mita, a ɗora a benci, a ba su sigina mai tashi farat ɗaya irin ta tayar da ta kufce, ana kallon ko wuta za ta ja baya. Akwatin a cike yake da daskararren danƙo, ba ya buɗuwa sai an lalata shi, don haka a auna nauyinsa da na sabo, a ɗauki hotonsa da na'urar asibiti mai ganin ƙashi, ko a mayar wa kamfanin da ya ƙera ya duba. Sannan a bi waya ɗaya bayan ɗaya da hannu, daga inda ta fito zuwa inda ta shiga. Motar ba ta da wayoyi da yawa. Duk wadda ba a san aikinta ba, mai mota ya yi bayani. Manyan gasanni sun ba jami'ansu ikon karɓar waɗannan kaya, matsalar ita ce lokaci da kuɗi, ga motoci da dama a dare ɗaya.

Fomula 1 da duk injiniyoyinta ta kasa tsarewa. Daga tseren Sifaniya na 2001 ta sake halatta na'urar, ba ta iya hana ta ba sai a 2008 da aka tilasta wa kowa birenbos iri ɗaya daga hannun kamfani ɗaya. Da ni ke da fili, abin da zan kwaikwaya kenan, kuma a sifirint ya fi sauƙi tunda kayan wutar kaɗan ne. Akwatunan wuta su zama na fili, a rufe da hatimi, direba ya ciri lamba da yamma a ba shi nasa, ya mayar bayan tsere. Wayoyi su kasance a buɗe, ba tef ba kwanso. Motoci 3 na farko kuma su bar magneto da mita a hannun jami'ai har a gama gwaji, kafin a biya kowa kuɗinsa.