Wane irin littafi ne zai nuna min aikin Ibrahim Salahi sosai?

Ɗan'uwa daga Mai Wurno ta Sudan, ka ce kana son sanin rayuwar wannan mai zane ɗan Sudan ta hanyar littafi mai hotuna. To, nemi kundin baje kolin aikinsa da aka yi a gidan baje kolin zane na Tate Modern da ke Landan a 2013, domin ya tattaro aikinsa na shekaru masu yawa.

Kafin ka kalli hoto, karanta rubutun da ke ƙarƙashinsa: shekara, abin da aka yi aikin da shi, da girmansa a santimita. Nan mutane ke ruɗewa, don shafi yakan daidaita ƙaramin zanen tawada da babban zanen fenti. Sai ka jera shekarun da rayuwarsa: haihuwa a birnin Omdurman na Sudan a 1930, karatu a makarantar koyon zane ta Slade da ke Landan, zaman kurkukun Kober na Khartoum a 1975. Lura da yadda haruffan Larabci ke rikiɗa su zama fuskoki. Ɗan malamin allo ne, ba mamaki.

Wajen saye, zaɓi mai ɗinkin zare. Zafin ƙasar nan yana busar da gam, shafuka su zube. Kada ka ajiye shi inda rana ke bugawa, launi zai koɗe.