Tambaya da Amsa: Lokacin da Na Gani a Haske Shi Ne Lokacin Kewayawa?

Tambaya: Malam, ina digiri na biyu a kan wani tauraro mai kama da AM CVn, wato taurari biyu masu kewaya juna cikin mintuna, inda farin wada (ragowar tauraron da ya mutu) ke haɗiye iskar hiliyam daga abokinsa ta wani faifan iska da ke zagaye da shi. Haskensa yana hawa da sauka kowane minti 17 da rabi, kuma ina da bakan haske (haskensa da aka rarraba bisa tsawon zango) guda ɗaya na minti goma. Na ga layi kusa da tsawon zango na angstrom 6563, inda layin haidirojin yake, hankalina ya tashi, kar ace haidirojin ne aikin ya rushe, tunda irin waɗannan taurari na hiliyam ne. Zan iya rubuta minti 17 da rabi a matsayin lokacin kewayawa?

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki a kan 6563. He II, wato hiliyam da ya rasa lantarki ɗaya, yana da layi a 6560, da wani a 4859 dab da na haidirojin, kuma a faifai mai gudun sama da kilomita dubu a daƙiƙa ba ki da hanyar raba su da ido. Ki duba 5412 da 4541. Idan ƙarfinsu ya yi daidai da na 6560 da 4859, hiliyam ne zalla. Idan 6560 da 4859 sun rinjaye su sosai, akwai haidirojin a ciki, kamar yadda aka gani a HM Cnc, wani tauraro na wannan rukuni.

Tambayarki ta minti 17 da rabi ita ce mai haɗari, kuma amsarta a'a ce. Kullum sai an kawo lamba daga hawa da saukar haske an ce wannan ce kewayawa, a saka ta a jadawali, wani ya kwafa, daga nan ta zama gaskiya. AM CVn kansa ya jima yana yaudarar mutane haka. Masanin taurari Smak ya gano canjin haskensa a 1967, kuma alamar da ta fi fitowa tana da tushe a daƙiƙa 1051. Sai a 2001 Nelemans da Steeghs da Groot suka tabbatar ta bakan haske cewa kewayawar daƙiƙa 1029 ce. Ita 1051 babban tozo ce, wato superhump: faifan hiliyam ɗin ya karkace ya zama kamar ƙwai, yana juyawa a hankali cikin kusan awa 13.4, sai haɗuwar juyin nan da kewayawa ta haifar da lokaci mai ɗan tsawo. Minti 17 da rabi naki ya yi kama da wannan ƙwarai.

Kada ki ce kashi biyu cikin ɗari ba komai ba ne. Daga wannan tazarar ake ƙiyasta nauyin tauraron da ke ba da iska a kan na farin wadan da ke haɗiye ta. Wanda ya ɗauki tozo a matsayin kewayawa ya jefar da ma'auninsa da hannunsa. Sannan mitar igiyar nauyi (gravitational waves) da LISA, na'urar da ake shirin harbawa sararin samaniya don gano ta, za ta nema ninki biyu ce na mitar kewayawa. Lamba mara daidai tana kai mai bincike inda babu komai.

Bakanki na minti goma ya haɗiye fiye da rabin kewayawa, ya shafe abin da kike nema. Abin nema shi ne wurin da kwararar iska ke dukan gefen faifai, wanda ke zana layi mai lanƙwasa kamar S idan an jera bakan bisa lokaci. Da shi Nather da Robinson da Stover suka fitar da minti 46.5 na kewayawar GP Com, wani tauraro na wannan rukuni, a 1981. Kowace ɗauka kar ta wuce kashi ɗaya cikin goma na lokacin, wato ƙasa da daƙiƙa 100 a nan, kuma ki tara ɗaruruwa, domin guda ɗaya hayaniya ce kawai. Ki naɗe su a kan lokuta daban-daban har S ɗin ya fito a layukan He I (hiliyam da bai rasa lantarki ba) 4471 da 4921 ko He II 4686. A taurari masu lokaci irin na AM CVn layukan shanyewa ne masu faɗi marasa zurfi, don haka ki cire matsakaicin bakan daga kowanne kafin naɗewa.

Ki rubuta lokacin tsakiyar ɗauka, ba farkonta ba, ki kuma mayar da shi zuwa cibiyar nauyin tsarin rana. Gyaran yana kaiwa minti 8.3, kusan rabin kewayawar tauraronki. In kika manta da shi kika haɗa dararen watanni daban-daban, S ɗin zai watse.

A takardar neman lokacin madubin hangen nesa ki rubuta wannan lissafin ƙarara, domin kwamiti yana son ba da awa ɗaya ya ce an gama. Kafin a ba ki, ki rubuta "lokacin haske" a kundinki, ki bar gurbin kewayawa a buɗe.