Kun Tambaya Mun Amsa: Wai Ribar Kiripton Nan Daga Ina Take Fitowa?

Jama'a barkanmu da warhaka. Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan rabi duk maganar kiripto ce, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin, wasu na son shiga, wasu kuma sun riga sun shiga sun ƙone suna neman mafita. Na tsamo guda huɗu, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

Tambaya: Salam Malam, dan Allah ina neman shawara. Ƙawata ce ta saka ni a wani guruf na WhatsApp, wai kamfanin tiredin ne na kiripto, kana zuba kuɗi na'ura ta juya maka, bayan kwana 30 ya ninka. Na gwada da dubu 20 kuma wallahi an biya ni dubu 40 cas, alat ya shigo na gani da idona. Yanzu ƙarshen wata ni ce da kwasar adashi dubu 400, shi ne nake so in zuba duka, maigida bai sani ba tukunna. Ya kake gani?
Daga wata 'yar'uwa a Gusau.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kar ki zuba, ko sisi. Dubu 40 ɗin nan da aka biya ki tsaba ce aka watsa wa kaza, kuma ga shi har kin fara matsowa da dubu 400 a hannu, toh ai shi suke jira dama.

Mu ɗan yi lissafi ni da ke. Idan dubu 100 tana ninkawa duk wata, wata na farko dubu 200, na biyu 400, na uku 800, ki ci gaba da haka har wata 12, za ki tarar da naira miliyan 409 da ɗoriya. Daga dubu ɗari fa, a shekara ɗaya. Da akwai na'urar da ke wannan aikin da Dangote bai sha wahalar gina matatar mai a Legas ba, kuma mai na'urar me zai kawo shi guruf ɗin matan aure yana roƙon dubu 20? Ai shiru zai yi ya ci abinsa shi kaɗai. Duk wanda ya ce kawo kuɗi a juya, tambayar farko ita ce ribar daga ina take fitowa, me ake saya me ake sayarwa. Mai awara za ta nuna miki wake da mai da kasko. Su waɗannan amsarsu kullum na'ura ce, ko sirrin kamfani, gaskiyar kuwa kuɗin wadda ta shigo bayanki aka ɗiba aka ba ki, naki kuma za a ba wata, har ranar da masu shigowa suka yi ƙaranci sai a wayi gari shafin baya buɗuwa, admin ya kulle guruf, lambarsa a kashe.

Abin ba sabo ba ne. Wani Charles Ponzi ya yi shi a birnin Boston na Amurka tun 1920, da sunansa ma ake kiran wannan salon damfarar har yau. Mu nan mun ga MMM a 2016, su kashi 30 suke alkawari duk wata, a watan Disamba suka daskarar da asusun mutane, hukumar NDIC ta ce 'yan Najeriya kusan miliyan 3 ne suka tafka asarar wajen naira biliyan 18. Sai ga CBEX a watan Afrilun 2025, su ma ninki suka yi alkawari a kwana 30 irin na guruf ɗinku sak, da abin ya rushe mutane suka fasa ofishinsu a Ibadan suna kwasar kujeru da na'urar sanyaya ɗaki, wanda ya zuba miliyoyi ya koma gida da kujera a ka.

Na san za su nuna miki satifiket ɗin CAC a ce ai muna da rajista. Rajistar CAC ko mai shagon aski zai iya yi, ba ita ce lasisin karɓar kuɗin jama'a a juya ba, wannan aikin SEC ne, hukumar da ke kula da harkar zuba jari, kuma SEC ta fito ta ce CBEX ba ta da rajista da ita. Ƙawar taki kuma ban ce muguwa ce ba, galibi ita ma an yi mata romon baka ne kuma ana ba ta ɗan kamisho kan duk wadda ta kawo. Amma ki faɗa mata dokar zuba jari da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Maris 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu gudanar da irin wannan harka da masu tallata ta. Ki riƙe adashinki, in firiza ce ki saya ki fara ƙanƙara da zoɓo. Maganar ɓoye wa maigida kuwa, ni dai na lura duk kasuwancin da ake cewa kar a faɗa wa na gida sai an ci riba, da wuya a wanye lafiya.

Tambaya: Malam ni tela ne, babur ɗina na sayar na haɗa da kuɗin ɗinkin sallah na zuba dubu 750 a wata manhaja. Yanzu tana nuna min ina da dala 2,300 amma in na danna cirewa sai ya tsaya, sun ce sai na biya dala 100 kuɗin tantancewa kafin a sake min. Sannan wani ya min magana a Telegram ya ce shi haka ne, wato mai kutse a intanet, zai iya ƙwato min kuɗina in na ba shi dubu 50. Wanne zan biya a ciki? Wallahi bacci ma ba na iyawa.
Daga wani bawan Allah a Kano.

Amsa: Allah ya mayar maka da alheri ɗan'uwa, amma kar ka biya ko ɗaya. Dala 2,300 ɗin da kake kallo rubutu ne kawai a fuskar waya, wani ne ke zaune da kwamfuta yana buga lambar da ya ga dama, gobe zai iya mayar da ita 23,000 in ya ga hakan zai sa ka ƙara zubawa. Akwai wani maƙwabcina da ya taɓa tare ni a bakin masallaci bayan isha'i, ya miƙo min waya gilashinta duk a fashe, yana nuna min koren layi yana hawa yana ta murmushi, na ce masa toh cire dubu 5 mu sha shayi, ya danna, wani ɗan da'ira ya yi ta juyawa har mai shayi ya kwashe kayansa. Har yau da'irar nan ba ta gama juyawa ba.

Kamfanin gaskiya in akwai caji a cikin kuɗinka yake cirewa, baya cewa kawo sabon kuɗi kafin a ba ka naka. Kuɗin tantancewa, kuɗin haraji, kuɗin buɗe asusu, duk tatsa ce ta ƙarshe kafin su cika wandonsu da iska, haka aka yi wa mutanen CBEX ma, bayan an rufe sai aka ce a biya dala 100 ko 200. Shi kuma na Telegram ɗin, sau da yawa su ɗin ne dai suka sake riga, ko wasu da ke shawagi a guruf ɗin waɗanda aka damfara don sun san mai zafin asara baya dogon tunani. Kiripto in ya bar walet ɗinka, wato asusun da ake ajiye shi, ya shiga na wani babu maɓallin da za a danna ya dawo, haka tsarin yake.

Abin da za ka yi, ka ɗauki hoton komai tun kafin su goge, hirarku, lambar asusun bankin da ka tura wa naira, adireshin walet ɗin da ka tura wa, da lambar shaidar turawar. Ka garzaya bankinka da wuri ka shigar da ƙorafi a rubuce, sannan ka kai ƙara EFCC, akwai ofishinsu nan Kano kuma ba a biyan kuɗi don shigar da koke. Ana kama su wani lokaci, a Disambar 2024 EFCC ta cafke mutum 792 a wani bene a Legas, ciki har da 'yan Chana 148, aikinsu kenan damfarar kiripto da ta soyayya. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, kuɗin da wuya su dawo duka. Matar nan Ruja Ignatova mai kiripton bogi na OneCoin ta tara sama da dala biliyan 4 na mutane, ta yi ɓatan dabo tun 2017, FBI na nemanta har yanzu. Ka koma kan kekenka, ka faɗa wa masu ɗinkin gaskiya ku yi yarjejeniyar biya, ya fi ka ci bashi ka bi kuɗin da suka riga suka tafi.

Tambaya: Yaya barka da aiki. Na shekara uku ina mainin ɗin Pi, kiripton nan da ake tarawa ta danna waya, wani a Facebook ya ce zai saya da tsada fiye da kasuwa, amma sai na shiga wani shafi na rubuta kalmomi 24 na walet ɗina don a tabbatar na gaske ne. In rubuta?
Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: A'a ƙanena. Kalmomin nan 24 su ne makullin ɗakin gaba ɗaya, duk wanda ya gan su ya mallaki abin da ke ciki, ba sai ya taɓa wayarka ba. Kai da mai saye, adireshin walet kawai ke shiga tsakaninku, kamar yadda mai turo maka kuɗi lambar asusu yake tambaya ba lambar sirrin katinka ba. Ka rubuta su da biro a takarda ka adana inda kake ajiye takardun makaranta, kar ka ɗauke su hoto, kar ka tura wa kanka a WhatsApp. Haka yake ga kowane walet, wasu kalmomi 12 ne wasu 24. Kuma ka rage buri, tun da Pi ta shiga kasuwa a Fabrairun 2025 ta ɗan taɓa kusan dala 3 ta gangaro ƙasa da dala ɗaya, masu cewa ƙwaya ɗaya dala 314,159 ce sai ka ce su saya a hakan ka gani. 'Yan Hamster ma, wasan nan na Telegram da aka ce za a samu kiripto, a 2024 sun danna waya har yatsa ya yi kanta, ka tambaye su nawa suka kwasa.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ma'aikacin gwamnati ne na kusa ritaya, yarana sun dame ni da maganar Bitcoin da USDT. Shin duka damfara ce ko akwai hanyar da mutum zai shiga lafiya? Kuma ya hukuncinsa yake?
Daga wani dattijo a Bauchi.

Amsa: Baba Allah ya ƙara girma. Ba duka ne damfara ba, Bitcoin na nan tun 2009 kuma kowa na iya ganin farashinsa a fili, babu wanda ya yi maka alkawarin riba. Sai dai kasuwa ce mai hawa da sauka ba kaɗan ba. A Nuwamban 2021 ya kai wajen dala 69,000, bayan shekara guda ya faɗo wajen 16,000, sai a Disambar 2024 ya haura 100,000. Wanda ya saya a sama kuma kuɗin makarantar yara ya taso masa a ƙasa, ya sayar da asara kenan ko ya ƙi ko ya so. Wani kuɗin ma baya tasowa, Luna ta rushe a watan Mayun 2022 cikin 'yan kwanaki ta koma kusan sifili, kuma a Nuwamban shekarar babbar kasuwar FTX ta durƙushe da kuɗin jama'a, mai ita Sam Bankman-Fried yana can an yanke masa shekara 25. Saboda haka giratuti da fansho dai a bar su inda suke Baba, banda bashi, banda kuɗin marayu ko na amana, abin da za a saka ya zama wanda in ya narke gobe za a ci tuwo a gidan kamar kullum.

Ta fuskar doka, CBN ta hana bankuna taɓa harkar a Fabrairun 2021, ta janye a Disambar 2023, sannan a Agustan 2024 SEC ta ba kasuwannin kiripto na Busha da Quidax amincewar farko. Ba talla nake musu ba, nufina kafin ku saka kuɗi ko'ina a sa yaro ya buɗe shafin SEC a duba ko sunan wurin na ciki. USDT shi an ɗaure shi ne da dala, mutane na ajiye shi don gudun faɗuwar naira, baya haihuwa da kansa, duk wanda ya ce kawo USDT a ba ka kashi kaza kullum to mun koma labarin 'yar'uwarmu ta Gusau. Maganar hukunci kuwa malamai sun yi saɓani, wasu sun hana wasu sun halatta da sharuɗɗa, a zauna da malamin da aka yarda da shi a yi masa bayanin ainihin abin da za a yi. Amma a kula da masu liƙa kalmar halal a tallarsu suna lamunce riba tsayayya, ko a mudaraba ta fiƙihu ba a lamunce wa mai jari riba.

In an tashi farawa, asusun ya zama da sunanku da lambarku, ba na yaro ko abokin yaro ba, a kunna tsaro mai mataki biyu, kuma manhajar a sauko da ita daga Play Store ko App Store bayan an tabbatar da sunan kamfanin, ba ta wani adireshi da aka turo a guruf ba. Wajen ciniki tsakanin mutum da mutum, wanda yara ke kira P2P, nan ake yawan yin alat na bogi, saƙo zai shigo kamar daga banki mai saye yana ta kira yana cewa Alhaji sakar min sauri nake, kar a saki komai sai an buɗe manhajar banki an ga kuɗin sun zauna, kuma sunan wanda ya turo ya yi daidai da na mai sayen. Ranar da za a fara tura kiripto daga walet zuwa walet, a gwada da na dubu 2 ko 3 tukunna, a duba haruffan farko da na ƙarshe na adireshin, a tabbatar layin da aka zaɓa ɗaya ne a ɓangarorin biyu, in TRC20 ne can to nan ma TRC20, sai ya isa sannan a tura sauran.