Ina Zan Kwana Da Motar Nan Idan Na Bar Kano?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗana da ke Amurka ya aiko mini da irin motar nan mai ɗaki a ciki, da gado da kicin da banɗaki. Tsawonta mita 11 ne. Ina so in kai iyali Yankari bayan Sallah, amma ban san inda zan ajiye ta mu kwana ba. A ina ake samun wurin da zai ɗauke ta?
Mai karatu daga Hotoro, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya alheri, ya yi wa yaron albarka.

A can inda motar ta fito, akwai sansanonin da aka gina musamman dominta. Gurabe da yawa a cikinsu suna da soket ɗin wuta, da famfo, da ramin juye ruwan banɗaki. Mu a nan ba a saba da wannan ba, don haka kai za ka haɗa wa kanka masauki, kuma mafi sauƙi shi ne harabar otal mai faɗi, mai katanga da maigadi.

Kafin ka kira kowa, ɗauko tef ka auna tsayin motar, tun daga ƙasa har kan na'urar sanyaya ɗaki da ke bisa rufin. Irin waɗannan motoci sukan kusa mita 4. Rubuta lambar a takarda ka manna a gaban direba. Tsawon da ka faɗa mini ba shi ne ya fi damuna ba, tsayin ne. Na taɓa raka wani aminina da irin wannan mota, muka isa wani otal a Bauchi ana kiran magariba. A waya an ce mana fili kamar na ƙwallo, kuma gaskiya suka faɗa, sai dai ba wanda ya ambaci baka ta siminti da ke saman get. Maigadi ya hau tsani da tocila a baki, mu kuma muka durƙusa muna sace iskar tayoyi ɗaya bayan ɗaya, yara na kuka a ciki. Da ƙyar ta wuce, tazarar ba ta fi yatsu uku ba. Tun daga ranar, nakan ce a turo mini bidiyon get ɗin ta WhatsApp, a nuna sama, a nuna kwanar shiga, a nuna wayoyin lantarki da suka ratsa titin. Ka tambayi kuma ko ƙasan wurin daɓe ne. Mota mai wannan nauyi in ta kwana a kan jar ƙasa da damina, da safe sai an nemo mai janwe.

Daga Kano za ka bi Wudil, Birnin Kudu, Ningi, ka faɗa Bauchi, kusan kilomita 300. Shawarata ka kwana a Bauchi, da safe ka kama hanyar Gombe, ka karya a Dindima zuwa get ɗin Mainamaji, ƙofar shiga Yankari. Daga nan zuwa sansanin Wikki, inda baƙi ke sauka, akwai fiye da kilomita 40 a cikin daji. Don Allah kada ka yi tafiyar dare da iyali, ko ta wace hanya ce. Ka tuntuɓi ma'aikatan Yankari tun kana gida, ka faɗa musu girman motar, ka nemi izinin kwana a cikinta. In sun ce sai ka kama ɗaki, kama. Kuɗin bai kai darajar samun wuri kusa da masu tsaro ba. A Wikki kuwa, gwaggon biri ba ya jin kunyar kowa. Na ga wanda ya zura hannu ta taga ya ɗauke ledar burodi a gaban mai ita. Rufe tagogi da ƙofa ko da alwala za ka fita yi.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ke ƙona wa mutane kaya. Motar Amurka da bolt 120 take aiki, tamu kuwa 230 ce. Kada wani ya ce maka "a gwada mu gani". Kai ta wurin mai gyaran wuta da ya san aikinsa ya haɗa maka taransifoma mai rage ƙarfi. Tankin banɗaki kuma amana ce a wuyanka: ba a juye shi a daji ko a kwata. Ka riƙe shi har ka dawo, ko ka yi magana da masu otal a juye a sokawe.

Kafin Sallar, ka kwashi Hajiya da yara ku kwana ɗaya a cikinta a ƙofar gidanka na Hotoro. A daren za ka gane ko ruwan tankin zai kai ku asuba, da kuma awa nawa janareto ke yi kafin ya nemi mai.