Sitikar Vinicius da biri: wasa ce ko wariyar launin fata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke riƙe da wani zauren WhatsApp na masu kallon ƙwallo a nan Mabera, Sakkwato, rabi 'yan Madrid rabi 'yan Barcelona. Ran da anka ci Madrid, wani yaro ɗan Barcelona ya turo sitika, an ɗora fuskar Vinicius bisa jikin biri, ga ayaba a hannu. Nan gardama ta tashi. Wasu sunka ce wariyar launin fata ce, in fitar da shi. Shi kuwa ya ce shi ma baƙi ne, ya ma fi Vinicius baƙi, ƙaƙa baƙi zai yi ma baƙi wariya? Kuma ya ce ba shi ya yi sitikar ba, ta cika intanet. Har mutum biyu sun fita zaure. Malam, wanga hoto wasa ne ko wariya, kuma mi ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tambaya biyu ce aka cakuɗa muku a zauren, shi ya sa kowa ke ganin shi ne da gaskiya. Ta farko, shin hoton na wariya ne? Ta biyu, shin yaron da ya turo shi ɗan wariya ne? Amsar ta farko ita ce e, babu kwana-kwana. Ta biyu kuwa, bisa abin da ka faɗa, da alama a'a. Mutum yana iya ɗaukar kayan da bai san abin da ke ƙunshe a cikinsu ba.

A wurinmu biri ba shi da wannan nauyin. Uwa takan ce wa ɗanta mai ƙiriniya biri, manomi yana tsine masa saboda ɓarnar gona, shi ke nan. Amma ba a Sakkwato aka haɗa sitikar nan ba. A Turai da Amurka, haɗa baƙar fata da biri tsohon makami ne, da shi aka riƙa kafa hujjar cinikin bayi da mulkin mallaka, cewa mutumin Afirka bai ƙarasa zama mutum ba. A 1906 an kai wani mutumin Kwango mai suna Ota Benga gidan namun daji na Bronx a birnin New York, aka ajiye shi a sashen birai, jama'a suna tururuwar zuwa kallonsa. Bayan shekara 10 ya kashe kansa. Sai a 2020 hukumar da ke kula da gidan ta nemi gafara. Daga nan abin ya gangaro filin ƙwallo. Akwai sanannen hoton John Barnes na Liverpool a 1988 yana ture ayabar da aka jefo masa da dundunniya a filin Everton. A Afrilun 2014 aka jefa wa Dani Alves ayaba a Villarreal, ya ɗauka ya ɓare ya ci, kuma ya kamata yaronku ya tuna rigar Barcelona ce a jikin Alves ran nan. Bayan wasan ƙarshe na gasar Turai a Yulin 2021, da baƙaƙen 'yan wasan Ingila Saka da Rashford da Sancho suka ɓarar da fanareti, hotunan biri da ayaba aka cika musu shafukansu da su.

Shi kansa Vinicius, ranar 21 ga Mayun 2023 a filin Mestalla na Valencia, sai da aka tsayar da wasa na kusan minti 10 saboda kukan biri da ake yi masa. A Yunin 2024 kotu ta yanke wa mutum uku ɗaurin wata 8, da hana su shiga filin wasa shekara 2, kuma shi ne karo na farko da aka hukunta wani a Sifen kan zagin launin fata a filin ƙwallo. To ka ga fuskar wannan mutumin, da jikin biri, da ayaba, ba haɗuwar tsautsayi ba ce. Wanda ya zauna ya haɗa ukun nan ya san abin da yake yi.

Maganar "ni ma baƙi ne" tana da daɗin ji amma ba ta tsayawa. Hoton ba ya tafiya da fuskar wanda ya tura shi. Da zarar wani ya kwafe shi daga zaurenku ya liƙa a ƙarƙashin shafin kulob a Facebook, babu mai ganin Mabera a jiki, ƙarin hoton biri ɗaya ne kawai a kan dubban da ake jifan ɗan wasan da su. Sannan abin da hoton ke faɗa ba "Vinicius ya buga banza" ba ne, cewa yake yi mai irin wannan fatar dabba ne, wanda ke nufin yaron ya zagi kansa da iyayensa ba tare da ya lura ba. Kuma mu ma ba mu tsira daga raina baƙi ba. Kowa ya san yadda ake goranta wa mace baƙinta, da yadda kasuwar man bilicin ke ci.

Za ka ji wani ya ce ai mu da wasan taubasantaka muka tashi, Bagobiri ya ce wa Bayarabe bawansa, Bafillatani da Babarbare su yi ta yanka wa juna magana, babu mai fushi. Gaskiya ne, kuma nan ne ma'aunin ya fi fitowa fili. Wannan wasan yana da sharuɗɗa ko da ba a rubuta su ba: duka ɓangarorin sun san wasa ne, suna gaban juna, kuma abin da ka jefa ana iya maido maka da shi daidai wa daida. Bagobiri ya ce bawana, Bayarabe ya ce a'a kai ne nawa, a yi dariya a tashi. A sitikar nan wane ne taubashin? Vinicius bai shiga wasan ba, kuma babu wani hoto da baƙar fata zai mayar wa Bature da zai ɗauki nauyin shekaru ɗaruruwa irin wannan. Wanda ya taɓa zama kudu ya ga yadda ake haɗa hoton ɗan Arewa da rediyo a kunne ana rubuta "aboki" a ƙasa, ya san bambancin wasan da kake ciki da wasan da ake yi da kai.

Akwai gwaji mai sauƙi da zai raba maka yawancin irin waɗannan hotuna. Cire fuskar, ka sa ta ɗan wasa farar fata da ya yi irin abin da ake tsokana a kai, ka ga ko dariyar tana nan. In ana tsokanar Vinicius kan yawan faɗuwa, ko yawan ƙorafi ga alƙalin wasa, ko yadda Rodri ya ɗauke kyautar Ballon d'Or a Oktoban 2024 har Madrid ta ƙi zuwa bikin a Paris, ka sa fuskar kowa dariyar ba ta mutuwa, domin aikinsa ake yi wa. Wannan adawar ƙwallo ce, a yi ta yi. In kuwa da canja fuskar sai hoton ya zama ba ma'ana, to fatar ce abin dariyar. Gwajin yana da inda yake tuntuɓe. Wani zai kawo maka cewa an sha haɗa Gareth Bale da biri saboda kamannin fuskarsa. An yi, kuma cin mutunci ne, sai dai ya tsaya a kan Bale shi kaɗai, bai taɓa sauran mutanen Wales ba, kuma ba a taɓa ajiye kakansa a keji da wannan hujjar ba. Saboda haka gwajin ba ya wadatarwa sai an haɗa shi da tarihin hoton.

Kada kuma wannan ya sa ka koma ganin wariya a kowace sitika. Koren kwaɗon nan mai manyan idanu da ake ce wa Pepe, wanda da wuya a rasa shi a wayar wani a zaurenku, wani mai zane ɗan Amurka, Matt Furie, ya ƙirƙiro shi a 2005 ba da wata manufar siyasa ba. Daga baya masu aƙidar fifita farar fata suka riƙa yi masa gashin bakin Hitler da kayan 'yan Nazi, har ƙungiyar ADL ta Amurka, mai yaƙi da ƙiyayya da wariya, ta sa shi cikin jerin alamomin ƙiyayya a Satumban 2016, amma ita kanta ta ce yawancin masu amfani da shi ba da wannan nufin suke yi ba. A 2019 masu zanga-zanga a Hong Kong suka ɗauke shi alamar neman 'yanci. Kwaɗon da ke kuka don an ci kulob ɗinsa ba komai ba ne, sai an yi masa ƙari. Haka bidiyon 'yan Ghana masu rawa da akwatin gawa da ya cika duniya a 2020: baƙaƙe ne a ciki, amma wautar wanda ya jefa kansa a haɗari ake yi wa dariya, su kuma sana'arsu suke yi, har shugabansu Benjamin Aidoo ya yi amfani da farin jinin wajen kiran mutane su zauna gida lokacin korona.

Mai wuyar shi ne irin na Osimhen. A Satumban 2023, bayan ya ɓarar da fanareti a wasan Bologna, shafin TikTok na kulob ɗinsa Napoli ya saki bidiyo yana kwaikwayonsa da siririyar murya yana roƙon fanareti, ga kuma wani da ya haɗa shi da kwakwa. Napoli ta goge, ta ce ba ta yi nufin cin mutunci ba, salon TikTok ne. Wakilinsa ya yi barazanar zuwa kotu, shi kuma ya share hotunan kulob ɗin daga Instagram. A ganina na fanaretin rashin ta ido ne da rashin daraja ma'aikaci, na kwakwar kuwa ya tsallake iyaka, domin a Turai ana amfani da kwakwa wajen zagin baƙi, kuma kulob a ƙasar da aka sha yi wa 'yan wasa kukan biri ba shi da uzurin cewa bai sani ba. Uzurin da za a yi wa yaro a Mabera ba za a yi wa Napoli shi ba.

In wani hoton ya shige maka duhu nan gaba, bi sawunsa kafin ka yanke hukunci. Ɗauki hoton allon wayar, ka yanke gefe-gefe ya rage sitikar kaɗai, ka buɗe manhajar Google ka taɓa alamar kyamara da ke cikin akwatin bincike, ka zaɓi hoton. Zai nuna maka shafukan da ke ɗauke da shi, ka karanta irin maganganun da ake rakiyarsa da su. Matsalar ita ce Google yana kawo wanda ya fi yawo ne, ba wanda ya fara fitowa ba, kuma sitika ƙarama ce, in an yi rubutu a kanta sakamakon yakan rikice. Shafin TinEye yana ba da damar jera sakamako daga mafi tsufa, Know Your Meme kuma yana ba da tarihin sanannun hotuna, da Turanci. Ka kuma lura da ƙananan alamomin da ake cusawa: leɓɓa jajaye da aka kumbura da gangan, gadon wasannin Amurka na ƙarni na 19 ne inda Turawa ke shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon bayi, kankana da soyayyar kaza kusa da baƙar fata tsohon gori ne a can, lamba 88 tana nufin gaisuwar "Heil Hitler", domin H ne harafi na 8 a haruffan Turanci, kuma sau da yawa ana haɗa ta da 14, alamar wani take na masu fifita farar fata, a rubuta 1488.

Game da zauren, shawarata kada ka fitar da shi a karon farko. Goge sitikar tukuna: danna ta ka riƙe, ka zaɓi gogewa ga kowa. Mai kula da zaure yana da ikon goge saƙon wani, amma cikin kwana biyu ne, in sun wuce sai dai ka bar ta. Wanda ya riga ya adana ta a cikin sitikokinsa tana nan wurinsa, don haka gogewa kaɗai ba ta isa ba. Kira yaron gefe, ba a cikin zaure ba, domin matashi in aka ƙure shi gaban abokan adawa sai ya kafe ko da ya gane. Nuna masa hoton Ota Benga da bidiyon Dani Alves, su biyun sun fi dogon wa'azi aiki. In mai jin maganar addini ne, aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabi, kuma da Abu Zarri ya goranta wa wani mutum uwarsa, Annabi (SAW) ya ce masa akwai sauran jahiliyya a tare da shi. Daga nan ka rubuta doka ɗaya gajera a bayanin zaure, ka karanta wa kowa: a tsokani wasan mutum da kulob ɗinsa, ban da fatarsa, ƙabilarsa, addininsa ko nakasarsa. Dokar ta hau kan 'yan Madrid ma, domin Barcelona na da baƙaƙen 'yan wasa, kuma ranar ramuwa tana zuwa. Waɗanda suka fita ka tura musu dokar da kanka, ka gayyace su su dawo.

Ka kuma gaya wa masu ɗaukar sitika daga zaure su kai shafukan jama'a cewa ƙa'idojin Facebook da Instagram sun ambaci haɗa baƙar fata da biri a cikin abin da ake cirewa, kuma maimaitawa kan jawo a rufe shafin mutum. A nan gida, sashe na 26 na dokar laifuffukan intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 5 ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 10 ba, ko duka biyun, ga wanda da gangan ya yaɗa wa jama'a kayan wariya ko ya zagi mutane a fili saboda launinsu, asalinsu ko ƙabilarsu. Sashen ya shafi hotunan zagin ƙabila da ake yi tsakanin 'yan Najeriya, ba na Turai kaɗai ba.