Furen da ke zaune a wuyan giginya: yaya zan raya shi a gida?

Tambaya: An kawo mini wani tsiro daga dajin wajen Ngaundere, mai karare kamar na rake da fure rawaya mai ɗigon ruwan ƙasa. Na shuka shi a tukunya da ƙasar lambu, yanzu ganyen na yin rawaya, gindin ya yi laushi. Me na yi ba daidai ba? Daga wata mai karatu a Garwa.

Amsa: Hajiya, wannan siffa ta Ansellia africana ce, ɗaya daga cikin furannin da ake kira orkide. Ƙasar nan ita ke kashe shi. A daji a kan itace yake zama, musamman giginya, amma ba kauci ba ne, ba ya shan ruwan jikin bishiya, wurin zama kawai ya ara. Saiwarsa iska take so. Idan ta kwana cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa sai ta ruɓe.

Ki cire shi yau. Ki yanke duk saiwar da ta yi baƙi ko ta yi laushi da wuƙar da aka gasa a wuta, ki barbaɗa garin gawayi a wurin yankan, ki ajiye shi a inuwa kwana 2 ya sha iska. Sannan ki ɗaure shi da tsumma a inda rassan mangwaro suka rabu, ko ki sa shi a tukunyar ƙasa mai huji da yawa, cike da gawayi, tsingaro da ɓawon itace, kowanne kamar girman goro. Gindin kararen ya zauna a sama, kada ki binne shi.

Za ki ga wasu siraran fararen saiwoyi suna miƙewa sama kamar tsintsiya. Don Allah kada ki aske su. Su ke tare busassun ganyaye, su ruɓe su zama abincinsa.

Garwa ta fi Ngaundere zafi nesa ba kusa ba, saboda haka ranar safe ta ishe shi, da rana ya kasance a inuwa, musamman a Maris da Afrilu. Lokacin da yake fitar da sabon toho ki ba shi ruwa da safe, sai ya bushe a ƙara, da taki NPK rabin ƙaramin cokali cikin lita 5 duk mako 2. Da hunturu ki tsayar da taki, ruwa sau ɗaya a mako, domin wannan ɗan ƙishin ne ke sa shi fure.

Idan ya yi yawa ki raba shi, kowane kashi da kara 4 aƙalla, ki ba masu so. Ana ta ɗebe shi daga daji har ya fara ƙaranci, kuma irinsa kamar ƙura yake, ba ya tsira sai da taimakon wani naman gwari, wato dangin funfuna, shi ya sa wurin da aka kwashe yakan daɗe bai farfaɗo ba.