Girgizar da ake so a bakin wuƙa

Ɗana, jiya muna rufe shago ka ce kullum ina yi maka faɗa in wuƙar injinmu na sassaƙa ƙarfe ta fara rawa a kan aiki, to yaya ka gani a waya ana girgiza ta da gangan, aiki kuma ya fito sumul kamar madubi? Wallahi tambayar ta yi mini daɗi, da ita na kwana.

Rawar da nake hana ka ta sakaci ce. Ka bar wuƙa ta yi tsawo, ko ɗauri bai kama ba, inji ya hau kuka, ƙarfe ya fito duk zane. Wadda ka gani kuwa aunanniya ce. A bayan wuƙar akwai wani ɗan tangaran da ake kira fiyezo, wuta ta shige shi ya miƙe, ta juya ya tsuke, sau 20,000 zuwa 40,000 a daƙiƙa guda. Kunnenka ba zai ji ba. Tafiyar bakin 'yan maikiron ce kawai. Maikiron 1,000 ne milimita ɗaya, kaurin gashin kanka kuma wajen 70 ne.

Ka lura da mai shayinmu na bakin Panteka in zai ɗauki garwashi da hannu? Ya taɓa, ya saki, ya taɓa, ya saki, ba ya ƙonewa. Haka wuƙar nan take yi. Ta sara, ta ja baya, iska da mai su shiga, zafi ya ragu, ta sake sara.

Ga inda abin ya fi ba ni sha'awa. Aikin madubi da bakin lu'ulu'u ake yin sa, ba abin da ya kai shi tauri. A kan tagulla da alminiyam sai ya daɗe bai dakushe ba. Amma ɗora shi kan baƙin ƙarfe, nan da nan ya cinye. Ƙarfen bai fi shi ƙarfi ba, asali ne ya ci shi. Lu'ulu'u kabon ne zalla, dangin gawayi, shi kuwa baƙin ƙarfe in ya yi zafi tsotse kabon yake yi. Da zarar an rage daɗewar haɗuwarsu, sai bakin ya yi ƙarko, har a sassaƙa mulmulallen mazubin gilashin kyamara daga ƙarfen da aka taurara, ba tare da an bi shi da guga ba.

A 1994, Shamoto da Moriwaki na Jami'ar Kobe a Japan suka fito da wata dabara: bakin ya riƙa zagaye siffar ƙwai, kamar saran fartanya, ta nutsa, ta ɗebo ƙasa, ta tashi. Wajen tashin nan bakin da kansa yake jawo ɓawon ƙarfen sama, nauyin yankan ya faɗi ƙwarai. Gilashi ma, mai tsagewa, in zurfin yanka ya yi ƙanƙanta ainun sai ya feru kamar ƙarfe mai laushi.

Sai dai da sharaɗi. Dole gudun aikin ya kasa gudun girgizar. Lissafa: sau 20,000 a daƙiƙa, bakin na lilo maikiron 3 kowane gefe, iyakarka wajen mita 22 a minti. Ka wuce nan, ƙarfe ya bi wuƙa ya manne mata, an koma gidan jiya. Saboda haka aikin ba na gaggawa ba ne.

Kada ka ce mu ɗaura irinsa a injinmu. Sandar ƙarfe mai milimita 100, zafi ya ƙaru da digiri ɗaya, ta ƙara fiye da maikiron ɗaya. Ka tuna rufin kwanonmu a watan Afrilu, ga janareta na jijjiga ƙasa. Irin wannan inji ɗaki yake so mai sanyi tsayayye.

Gobe in Allah ya kai mu ka zo da wuri. Shaf ɗin nan, wato sandar ƙarfen da ta yi maka zane, za mu rage tsawon wuƙa, mu auna shi da maikiromita, ma'aunin kaurin ƙarfe, da safe, mu sake aunawa bayan azahar, ka ga bambancin da idonka.